Wace firinta zan saya ta gida wadda tawadarta ba za ta cinye ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Ina son firinta ta gida don buga takardun darasi, tambayoyin jarrabawa, aikin gida na yara da fom-fom, wani lokacin da kala. Kuɗina ba su da yawa, kuma an ce min firinta ba ta da tsada, tawadarta ce ke kashe mutum. Wutarmu ta NEPA ce, sai wata ƙaramar inbata. Wace iri zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Wanda ya faɗa maka haka bai yi maka ƙarya ba. Idan ba a yin mako guda ba ka buga wani abu ba, kuma kana son kala, nemi firinta mai tanki, wato wadda ake zuba mata tawada daga kwalba. Idan kuwa bugunka na lokaci-lokaci ne, sai ƙarshen zango ka zuba shafi ɗari uku sannan ka rufe ta wata biyu, kuma baƙi da fari ya ishe ka, nemi ƙaramar leza, wato firinta mai aiki da hoda maimakon ruwan tawada. Wadda nake roƙonka ka bar ta a shago, ko da an rage maka kuɗi, ita ce ƙaramar firinta mai katirij biyu (ƙananan akwatunan tawada da ake sauyawa idan sun ƙare), wato wadda ta fi kowacce araha a ranar saye.

Ga dalilin, da alƙaluman da kamfanonin suka rubuta da kansu. HP DeskJet 2130 tana shan katirij mai lamba 123, baƙin yana buga shafi kusan 120, mai kalar kusan 100. Waɗanda suka biyo bayanta irin su 2320 da 2720 suna shan 305, shi ma baƙin 120 ne, babbansa mai alamar XL kuma 240. Canon MG2540S tana shan PG-445, shafi kusan 180. To, duba na masu tanki. Kwalbar baƙar tawadar Epson mai lamba 103, wadda mililita 65 ce kawai, an rubuta mata shafi 4,500, kalolin uku a haɗe 7,500. Baƙar Canon GI-41 mililita 135 ce, shafi 6,000, kalolinta 7,700. HP GT53XL ita ma 6,000 ce, kalolin GT52 kuma 8,000. Baƙar Brother BTD60BK tana kai 6,500.

Raba 4,500 da 120, za ka ga aikin kwalba ɗaya ya haura na katirij 37. Malamin da ke buga shafi 150 a wata yana buga 1,800 a shekara. Wannan katirij 15 ke nan na ƙaramar DeskJet, alhali kwalba ɗaya ta Epson, a lissafin kamfani, za ta kai shi shekara biyu da rabi. Kamfanin ya sani sarai, shi ya sa yake sakin ƙaramar firintar da araha, ribarsa tana cikin katirij. Akwai kuma wata asarar da ba a gani: katirij mai kala ɗaki uku ne a gida ɗaya, shuɗi da ja da rawaya. Rawaya na ƙarewa, sai ka yar da shi da sauran biyun a ciki.

Kada ka ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin alkawari. Ana samun su ne da gwaji, irin su ISO/IEC 24711 ga katirij na tawada, ISO/IEC 19752 ga leza mai baƙi, inda ake buga wasu shafuka na musamman ba tsayawa. Shafin gwajin leza, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai tawada ke rufewa, kamar gajeriyar wasiƙa. Takardar jarrabawa mai cike da rubutu da jadawali da zane ta fi haka ci. Sannan firinta mai tawada tana shan wani kaso wajen wanke kanta, ko ba ka buga komai ba. Shawarata, cire kashi ɗaya bisa uku daga abin da aka rubuta, ka yi lissafinka da sauran. Ko an cire, tazarar tana nan yadda take, domin daga ɓangarorin biyu ake cirewa.

Farashi yana bin dala, saboda haka ka shiga kasuwa da biro. Duk firintar da aka nuna maka, tambayi lambar tawadarta da kuɗin ta asali, ka raba kuɗin da yawan shafi, abin da ya fito shi ne kuɗin shafi ɗaya. Ninka shi da shafukan da kake bugawa a wata 36, ka ɗora kuɗin firintar a kai. Wannan jimlar za ka gwada tsakanin firintoci. Idan ka yi haka za ka lura da wani abu: a mai tanki, kuɗin takardar ya fi na tawadar da ta hau kanta nesa ba kusa ba. Daga nan tsimin ya koma kan rim ɗin A4, wato ka saba da buga gaba da baya.

Za a ce maka ai ana cika katirij da sirinji, ko a ɗaura masa tanki daga waje da siraran tiyo. Ana yi, amma ka san abin da ka shiga. Kan feshin irin waɗannan katirij, wato wurin da ke fesa tawada a takarda, a jikinsu yake, kuma da zafi yake aiki: wani ɗan ƙaramin hita ne ke tafasa ɗigon tawada ya harbo shi, tawadar ce kuma ke sanyaya shi. Da zarar an bar shi ya yi bugu a bushe, hitocin sun ƙone, ko an cika ba zai dawo ba. Ba a ƙera shi don ya daɗe ba, sai ya ɗauki cikawa kaɗan ya soma layi-layi. Tankin da aka ɗaura daga waje kuma, idan ya ɗara kan feshi tsayi sai tawada ta kwararo cikin firinta, idan ya yi ƙasa sai iska ta shiga tiyo. Wanda ya riga ya mallaki mai katirij zai iya lallaɓawa da haka, amma kada ka sayi sabuwa da wannan niyyar.

A cikin masu tanki, waɗanda suka dace da aljihun gida su ne na ƙasa-ƙasa a kowane kamfani, kuma akwai bambancin da ya fi suna muhimmanci.

Epson L3210 da L3250 kusan abu ɗaya ne: bugu, sikanin, fotokwafi, tawada 103. L3210 da wayar USB kawai take aiki, L3250 tana da Wi-Fi, za ka iya turo mata takarda daga wayar hannu. Idan takardun makaranta ta WhatsApp suke zuwa maka, ƙarin kuɗin Wi-Fi ya cancanta. Kan feshin Epson ba ya amfani da zafi, wani ɗan sinadari ne ke lanƙwashewa idan wuta ta taɓa shi ya turo tawada, saboda haka yana daɗewa. Sai dai a kafe yake, ba a yi shi don mai gida ya sauya ba, idan ya mutu kuɗin sabo da aikin mai gyara kan ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin firintar. Kuma baƙar 103 irin wadda launinta ke narke a ruwa ce, ita ake rubuta wa dye. Ɗigon ruwa ko jiƙaƙƙen hannun yaro na taɓa rubutun zai yi dabbare.

Canon G2420 da G3420, ta biyun ce mai Wi-Fi, baƙarsu irin wadda ake rubuta wa pigment ce, wato ƙananan ƙwayoyin launi ne da ke zama a fuskar takarda. Rubutu ya fi fita baƙi ƙirin, kuma ya fi jure ruwa. Kan feshinsu biyu ne, na baƙi da na kala, da zafi suke aiki, ba su kai na Epson ƙarko ba, amma kai da kanka za ka iya cire su ka sa sababbi. HP Smart Tank 520 da 580 ma haka tsarinsu yake, baƙa pigment, kai biyu masu ciruwa, 580 ce mai Wi-Fi. Brother DCP-T420W kuma tana da wani abu da ya dace da ƙasarmu: takarda a cikin durowa take zama, mai cin 150, ba a tsaye a baya ƙura na sauka a kanta ba.

Wacce ta fi? Wadda tawadarta da mai gyaranta ke garinku. Kafin ka biya, shiga shago uku daban-daban ka tambayi lambar kwalbar, sannan ka tambayi mai gyara ɗaya ko yana samun kan feshinta da robar jan takardarta. Firintar da sai an yi maka odar tawadarta daga Legas za ta riƙa zama ba aiki, zaman kuma shi ke kashe irin waɗannan. Idan duka suna samuwa, ga malamin da yawancin aikinsa rubutu ne da za a raba wa ɗalibai, na fi karkata ga mai baƙar pigment.

Duk waɗannan ba sa juya takarda da kansu, kai za ka buga shafuka masu mara, ka juya, ka buga masu cika. Idan kana son mai juyawa sai ka hau zuwa irin Epson L4260, mai tawada 101, wadda baƙarta pigment ce. Ba su da sauri kuma: L3250 tana fitar da kusan shafi 10 na baƙi a minti, 5 na kala. Shafi 300 zai ci maka rabin awa, ƙaramar leza mai shafi 20 a minti za ta gama a rabin wannan.

Akwai abu ɗaya da mai shago ba zai ambata ba, kuma yana cikin kuɗin riƙon firinta. Duk lokacin da ta wanke kan feshinta, famfo ne ke zuƙo tawada ya zubar a wani soso da ke can ƙasan cikinta. Firintar ba ta ganin soson, lissafi kawai take yi. Ranar da lissafin ya cika sai ta tsaya cak, fitilu su riƙa ƙyaftawa, kwamfuta ta rubuto cewa soson ya kai ƙarshen aikinsa. A Canon G2420 da G3420 wannan soson a cikin wani ɗan akwati yake mai lamba MC-G02, ka zare ka sa sabo, shi ke nan. A Epson L3210 da L3250 sai an kai wa mai gyara. Yawancin masu gyara manhaja kawai suke sawa su mayar da lissafin sifili, su miƙo maka. Kada ka yarda a tsaya nan. Soson yana nan a jiƙe, idan aka ci gaba da zuba masa, wata rana tawada za ta tsiyayo kan tebur ko ta taɓa allon wuta. Ka ce a sauya shi a gabanka. Abubuwa biyu ne ke saurin cika shi: yawan wanke kai ba dalili, da buga hoto har bakin takarda ba gefe, domin abin da ya zarce bakin takardar can yake sauka.

Babban abokin gabar mai tanki a wajenmu shi ne bushewa. Ramukan kan feshi sun fi silin gashi siranta, tawada kuma ruwa ce. Littafin waɗannan firintoci yakan ce a yi aiki da su a zafin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. A hunturu danshin iskar Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a bazara kuma zafi yakan haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. Wato watanni da yawa a shekara muna gefen abin da aka ƙera ta dominsa. Wannan ba ya hana ta aiki, amma yana nufin sakacin da za ta yafe a wata ƙasa ba za ta yafe shi a nan ba.

Maganin ba shi da tsada. Kowane mako ka buga shafi ɗaya mai ɗauke da launukan huɗu, a hunturu sau biyu. Buga baƙi kaɗai bai wadatar ba, ramukan kala za su bushe suna kallo. Mafi sauƙi shi ne shafin gwajin da ake kira Nozzle Check a cikin manhajarta, ba ya cin tawadar kirki, yana taɓa kowane rami, kuma yana nuna maka da wuri idan layi ya fara yankewa. A dogon hutu, idan za ka yi tafiya, ka koya wa wani a gida ya riƙa yi. Ajiye ta nesa da taga da rana, ka rufe ta da ƙyalle idan ta gama aiki, ka cire takardun da ke tsaye a bayanta ka mayar cikin ledarsu. Ƙurar da ta sauka a takarda ita ce ke bi ta manne a robar ja, har ta soma zamewa ko ɗaukar biyu-biyu. Idan hakan ta faru, goge robar da tsumma mai ɗan danshin ruwa, ba fetur ko kananzir ba.

Kashewa ma tana da ƙa'ida, kuma a nan ne wutarmu ke yin ɓarna. Idan ka danna maɓallinta, kan feshin yakan koma gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da ke toshe shi daga iska. Idan aka zare soket, ko aka ɗauke wuta tana tsakiyar bugu, sai ya tsaya a tsakiyar hanya a buɗe. Kwana biyu a haka cikin hunturu ya isa ya toshe. Duk ranar da wuta ta yanke mata aiki, da an dawo da ita ko ka kunna inbata, ka kunna firintar ta mayar da kanta mazauninsa, sannan ka kashe ta maɓalli.

Idan bugu ya fara fita da fararen layuka, kada ka hau wanki ba ƙaƙƙautawa. Fara da Nozzle Check. Idan akwai giɓi, yi Head Cleaning, wato wankin kan feshi na cikin manhajar, sau ɗaya, ka sake gwaji. Epson ta ce idan an yi sau uku babu sauyi, a bar ta aƙalla awa 12 ba bugu, sannan a sake dubawa. Hikimar ita ce sau da yawa kumfar iska ce a ciki, yawan zuƙa ƙara ta yake yi, hutu kuma yana sa ta kwanta. Power Cleaning, wato babban wanki, shi ne na ƙarshe, yana shan tawada da yawa, yana cika soso, kuma ba a yin sa sai tankunan sun kai aƙalla kashi ɗaya bisa uku. Haka nan kada ka bar tawada ta sauka ƙasa da layin ƙasa na tanki. A Epson iska ce za ta shiga tiyo, a Canon da HP kuma kan feshin na iya ƙonewa.

Maganar inbata ita ce ta fi raba gardama a tambayarka. L3250 tana jan kusan wat 12 lokacin bugu, bai fi ƙwan fitila ba, ko ƙaramar inbata ko ɗan UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, zai riƙe ta. Leza kuwa hoda take zubawa a takarda, sannan ta bi da ita ta cikin wani hita mai zafin da ya kusa digiri 200 ya narkar da hodar ta kama. Ƙananan irin HP Laser 107a da LaserJet P1102 suna jan sama da wat 300 lokacin bugu, kuma a daidai lokacin da hitar ke tashi sukan fizgi fiye da haka. Ƙaramar inbata takan yi ƙara ta ɗauke, ƙaramin UPS kuma ba a haɗa shi da leza sam. Idan wuta ta zo da rauni, hitar ba ya kai zafinsa, sai firintar ta nuna kuskure ko hodar ta riƙa gogewa da yatsa.

Duk da haka leza tana da gurbinta, kuma ban so ka raina ta. Hoda ba ta bushewa. Rufe ta wata uku, ka buɗe, shafin farko zai fito tas. Ruwa ba ya ɓata rubutunta. Katirij 85A na P1102 shafi 1,600 ne, 12A na tsohuwar LaserJet 1020 shafi 2,000, 725 na Canon LBP6030 shafi 1,600, 106A na HP 107a shafi 1,000. Da tona, wato katirij ɗin hoda, na asali, shafinta ya fi na mai tanki tsada sosai. Abin da ke sauko da kuɗin shi ne cika hoda da katirij na wasu kamfanoni, kuma tsofaffin irin 12A da 85A sun fi karɓar wannan ba gardama, shi ya sa har yau masu shagon buga takardu ke riƙe da su. Sababbin HP suna da ɗan cif a jikin katirij, kuma sabunta manhajar firintar ta intanet kan sa ta ƙi wanda cif ɗinsa ba na HP ba ne. A katirij ɗin HP da Canon, durom ɗin da ke ɗaukar hoton rubutu a ciki yake, bayan cikawa biyu ko uku yakan gaji: ɗigo ko tabo mai maimaituwa a tazara ɗaya alamar durom ne, baƙin layi daga sama har ƙasa kuma yawanci ɗan ƙarfen da ke share shi ne. Dukansu ana sauya su da kuɗi kaɗan. Ka sani kuma katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar leza na somin-taɓi ne, bai kai cikakke ba. Leza mai kala kuwa, ga mai neman sauƙi, ba wajen zuwa ba ne: katirij huɗu, kowanne da kuɗinsa.

Idan ta hannu za ka saya, leza ce ta fi aminci, domin mai tawadar da ta yi watanni a kwantena kanta ya riga ya bushe. Sa a buga maka shafin bayanan firintar ka ga yawan shafukan da ta taɓa bugawa, a buga kamar ashirin a jere ka ga ko tana cin takarda, ka murza rubutun da yatsa. Sannan juya bayanta ka karanta lambar wuta. Wadda aka yi wa Amurka 110 zuwa 127 ce, tamu 220 zuwa 240. Ana soka ta a soket ɗinmu allon wutarta ya tafi.

Ga yanayinka kai, mai bugu kowane mako, mai son kala jefi-jefi, mai ƙaramar inbata, mai tanki ce taka, kuma sabuwa a kwali. Idan kuɗin bai kai ba, gara ka ƙara wata biyu kana zuwa shagon buga takardu kana tari, da ka sayi mai katirij yau.

Sai tawadar jabu, inda mutane da yawa ke zubar da duk ribar da suka samu. Tawadar asali ta mai tanki ta riga ta yi arahar da ragin da za ka samu a jabu bai taka kara ya karya ba a kan shafi dubu huɗu, kan feshin da za ta toshe kuwa mai tsada ne. Garin neman gira kada a rasa ido. Kowane kamfani ya auna kaurin tawadarsa da yadda take bushewa daidai da kan feshinsa, saboda haka kwalbar da aka rubuta wa cewa tana yi wa kowace firinta, ka bar ta. Kada ka zuba pigment a tankin dye ko akasin haka, haɗuwarsu kan yi gudaji a cikin tiyo. Tawadar buga riguna da kofuna ma daban ce, ba ta aikin takarda ba ce. Matsalar ita ce jabun ma cikin kwali mai sunan kamfani yake zuwa. Duba hatimin kwalin da ranar ƙarewar aiki, ka gwada rubutun jikinsa da na kwalbar da ta zo da firintarka, don haka kada ka yar da kwalaben farko. Kwalbar 103 ta asali bakinta yana da tsaga da ke shiga tankin launinta kaɗai, tana zuba da kanta ba matsawa, ta tsaya idan tanki ya cika. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna da nisa shi kansa shaida ne.

Ranar saye, a buɗe kwalin a gabanka. Ka ga kwalabe huɗu a like cikin ledarsu, tankuna kuma a bushe. Wani lokacin akan zare na asalin a sayar daban, a cika maka tanki da wata tawadar a ce an taimake ka. A rubuta lambar jikin firintar a rasit, ka tambayi tsawon garanti da inda ake kai ta idan ta samu matsala. Duba ko akwai wayar USB a ciki, sau da yawa babu. Lambar tawada kuma tana bin yanki: firintar da ke shan 103 a nan, irinta da aka yi wa Asiya 003 take sha, katirij ɗin HP ma na wani yanki ba ya aiki a firintar wani yanki. Wannan ya shafi wanda ɗan'uwa zai aiko masa daga waje. Idan HP ce mai harafin e a ƙarshen lambarta kuma an kunna mata tsarin HP+, tana buƙatar intanet da katirij na asali kaɗai, katirij ɗin tsarin biyan wata-wata na Instant Ink kuma yana daina aiki da zarar an daina biya.

A gida, cire duk tef da kwalin da ke riƙe da kan feshi kafin ka sa mata wuta. Cika tankuna, kowane launi a gidansa, ka bi takardar da ta zo da ita wajen jan tawadar farko. A Epson wannan yakan ɗauki kusan minti goma, kuma ba a so wuta ta yanke a tsakiya, don haka yi shi a kan inbata, ba a kan NEPA ba. Za ka ga tankuna sun ɗan sauka, tiyo da kai ne suka cika, sau ɗaya ake wannan. Sauran da ya rage a kwalba ka rufe shi da kyau ka ajiye a inuwa. Buga Nozzle Check na farko ka adana shi, da shi za ka riƙa gwada na gaba. A manhajar kwamfuta, mayar da bugun yau da kullum ya zama baƙi kaɗai a kan takarda gama-gari, aikin da ba na rabawa ba kuma ka sa shi a Draft, wato bugu mai tsimin tawada. Takarda mai nauyin giram 80 ta fi dacewa da gaba da baya, mai 70 takan nuna rubutun ɗaya gefen. Da damina kada ka bar rim a buɗe, takarda na shan danshi ta manne da juna, ka kaɗa ta kafin ka zuba. Idan wata rana za a kai ta gyara da tawada a ciki, a rufe murafen tankuna, a ɗauke ta a kwance yadda take zama a tebur, a adaidaita sahu ko mota, kada a jingina ta a gefe ko a ɗaure ta a karkace a bayan babur, domin tawada na bin hanyar iskar tanki ta zubo.